Kalkuletar Kafinta Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar Asabar mai zuwa, Kafinta da iyalansa na sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kalkuletar gidansu, wadda yara ke kira Tsohuwa. Ta cika ne a kan teburin ƙaninsa, Baffa Mai Rediyo, cikinta a buɗe, ana tsakiyar yi mata aiki.

Marigayiya ta shigo hannun Kafinta tun yana saurayi. Bai yi nisa a makaranta ba, da ita ya koya wa kansa kason katako da lissafin gangaren rufi. Garin katako ya cika tsakanin maɓallanta, lambar bakwai ta goge, salatif ke riƙe da marfin batirinta, amma ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ba hoto a cikinta, ba waƙa, ba hirar banza da ke cinye wa yaran yanzu lokaci. In ka danna, ta ce tit. In ka yi shirme, ta ja tiiit, ta gaya maka gaskiya ko kai waye.

Wannan muryar ce ajalinta. 'Yar Kafinta ta fari, wadda gida ke kira Likita tun kafin a je ko'ina, za ta rubuta jarabawar shiga jami'a ranar Asabar, kuma da Tsohuwa ta yi duk shirinta. Masu jarabawa sun hana waya, sun hana kalkuleta mai ajiye rubutu, Kafinta ya ce madalla. Sai a makon nan aka lura sun hana mai ƙara ma. Tsohuwa kuwa ba ta da maɓallin kashe murya.

Baffa ya ce, "Yaya, waya ɗaya zan tsinke, kafin ka gama shan ruwan nan na gama." Ya tsinke. Murya ta tafi, lambobi suka bi ta. Ya hura, ya bubbuga, ya canza batir, ya ce ƙila hutawa take yi. Har yau ba ta gama hutawar ba.

Ta rasu ta bar Kafinta, da Likita, da tef ɗin awo abokin aikinta, da batura biyu masu lafiya waɗanda tuni aka gan su a cikin rimot ɗin talabijin, abin kunya.

Wata ƙawar Likita ta ara mata sabuwa, mai bin doka, marar murya. Ga damuwar: yarinyar ta saba sai ta ji tit take yarda lamba ta shiga. Yanzu sau biyu take dannawa, takwas ya koma tamanin da takwas. A gwajin jiya ta faɗi tambayoyin da ta iya tun bara. Ta ce, "Baba, kaina ya sani, yatsuna ne suka rikice." Iyaye su ji: dokar jarabawa ranar da aka fara shiri ake karanta ta har ƙarshe.

Ana karɓar gaisuwa a shago, kada kowa ya shiga gida ya dame ta. Wanda zai zo da shawarar a ɓoye waya a cikin safa, ya riƙe gaisuwarsa. An yafe wa Baffa ɗaukar gawa.

Za a binne marigayiya a durowar Kafinta ranar Asabar, bayan Likita ta fito daga jarabawa. Kafin nan, wanda ya gifta ta tagar ɗakinta ya ji tit, tit, kada ya tsorata. Likita ce ke yi da bakinta tana danna sabuwar. Mahaifinta ya ba ta zuwa Juma'a ta mayar da shi cikin zuciya, domin a ɗakin jarabawa baki ma ba a yarda ya yi ƙara ba.