Manoman Malam Mamuda

"Rahotona ba a bincikarsa, karanta shi ake yi a tafa," in ji Malam Mamuda, jami'in hulɗa da jama'a na wata kwaleji a Mafara, yana gyara zaman hula. Kujerar darakta yake hari, kuma rahoton bana ne tsaninsa.

Sai gogan naka ya rubuta cewa kwaleji ta horar da manoman albasa arba'in a yankin Bakolori. Shi da bai san albasa ba sai a bisa tsire! Sunayen ma daga can suka fito: tsohuwar takardar rabon taki ce mai tsire ya naɗe masa nama da ita, ya kwafe tsaf, har wanda maiƙo ya ɓata.

Kwatsam kwamitin bincike ya iso, shugabarsa Hajiya Saude 'yar Bakura ta ce tana son ganin manoman ido da ido.

"Ranki shi daɗe, wannan ai wasa ne," in ji Mamuda.

Ya ruga tasha ya kwaso 'yan kabu-kabu, ya raba musu sunaye kamar goro.

Aka gaisa, aka sake gaisawa, Hajiya ta soma kira. Suna na farko, mutum uku suka miƙe. Na biyu, babu ko tari.

"Kai ne, Imrana!" Mamuda ya yi raɗa.

"To ai Imrana nike, Malam. Wancan sunan na mance shi."

Hajiya ta dubi wani mai makullin mashin a wuya. "Kwana nawa albasa ke yi kafin a dasa ta?"

"Ya danganta da nisa, Hajiya."

Hajiya ta kai lamba tara, ta cire tabarau.

"Alhaji Nagode Bakura. Shi ma ɗalibinka ne?"

Mamuda ya ga dama ta samu. "Wannan ai shi ne zakaran ajin! Ba ya fashi. Jiya ma muna tare, ƙafa ce ta ɗan matsa mashi."

"Ikon Allah," in ji Hajiya, tana rufe rahoton a hankali. "Mahaifina ne. Shekara shida ke nan da rasuwarsa."

'Yan kabu-kabu suka soma zamewa ɗaya-ɗaya.

Ta ɗauki jakarta. "Maganar darakta ka manta da ita, Malam. Amma tunda can kake koyarwa, in ka koma aji ka gaishe min da shi."