Kirarin da na yi wa mai tsaron gida

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka aike ni filin jirgin Riyad ɗauko baƙo ba. A ƙarshen shekarun saba'in ne, kuɗin fetur sun cika Larabawa har sun fara sayo 'yan ƙwallo daga Brazil. Ni kuwa tifa nake tuƙawa, ina jidar yashi cikin ranar da ke soya ƙwai.

Tun ina Kano nake mutuwar son wani kulob na Brazil, masu farar riga, 'yan wani gari na bakin teku. Yaran talakawa ne da suka koyi ƙwallo ba takalmi, suka zo suka gagari nahiyarsu, suka tsallaka Turai suka yi wa Turawa wasa da hankali. Idan suna taɓa ƙwallo sai ka rantse da zare suka ɗaure ta. A lokacin da nake ba ku labari tauraronsu ya ɗan dushe, manyansu sun tsufa, ana ta lallasa su, amma ni ko gezau. A ɗakinmu na unguwar Ulaisha, duk wanda ya ce sun mutu sai mun kwana ba ma magana.

Dukiyata ɗaya ce, wani kaset na sharhin wasansu da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ba ni a Legas. Ba na jin ko kalma ɗaya ta yarensu (wannan bai hana ni fassara wa 'yan ɗakinmu ba). Akwai wurin da mai sharhi ke kiran sunan mai tsaron gidanmu, sai filin ya ɗauka gaba ɗaya: "Firango! Firango!" Na ce musu ai kirarinsa ke nan, ma'anarsa zaki. Daga ina na samo zaki? Allah kaɗai ya sani.

Ran nan kafilina, Balaraben da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ke hannunsa, ya ce wani kulob ya ɗauko mai horar da masu tsaron gida, ana neman direba. Da ya faɗi sunan baƙon sai na gane shi nan take. Mutumin cikin kaset ɗina ne! Ya ce, "Idan ya yaba da kai, ka rabu da tifa. Idan bai yaba ba, yalla, ka koma yashi."

Na sha wanka, na fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ga shi ya fito, dogo, furfura ta fara, hannuwa kamar faranti, tare da tafintansa, wani ɗan Labanan da ya tashi a Brazil. Ban tsaya sallama ba. Na ɗaga hannu a tsakiyar jama'a na wage murya: "Firango! Firango! Marhaba, ya Firango!"

Murmushin mutumin ya ɗauke. Ni kuma na ce a raina, ka ga manya, ba sa son yabo. Muna tafe a mota ina ƙara zuba masa, har da buga sitiyari.

Da muka iso unguwar Bada tafinta ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya akhi, waggif, tsaya nan." Ya nuna mini ƙofar wani kanti inda ake sauke kwalayen kajin Brazil masu ƙanƙara, irin waɗanda muke ci kullum da shinkafa. "Karanta."

Na karanta. Ga kalmar nan ɓaro-ɓaro, ga hoton kaza a gefenta.

Ya ce a can Brazil, idan ƙwallo mai sauƙi ta zille wa mai tsaron gida ta wuce tsakanin ƙafafunsa, sai a ce ya kama kaza. Masu ihun cikin kaset ɗina abokan gaba ne. Kuma kuskuren ranar ne ya raba bawan Allahn nan da kulob ɗin da ya yi wa hidima tun yana yaro.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na hango tifata tana jirana. Da guntun Larabcina na shiga rantse-rantse, na jero wa tafinta tarihin kulob ɗin, da sunayen waɗanda baƙon ya yi wasa da su, da yadda nake faɗa da mutane saboda su. Hawaye har gemu.

Baƙon ya saurari fassara. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har yana share ido. Ya yi magana, tafinta ya juya mini: "Ya ce ya tsallako teku don ya huta da kalmar nan, sai ga ta ta riga shi sauka. Amma bai taɓa jin wanda ya faɗe ta da ƙauna irin taka ba. Gobe ka zo da wuri."

Na samu aikin, na kuma samu suna, don har na bar Saudiyya 'yan ɗakinmu Zakin Kaji suke kirana. An ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ni na fi ta, shekaru ina cin fassarar kirarina da shinkafa ban taɓa duba kwalin ba. Tun daga ranar, kafin in yabi mutum da yaren da ba na ji, sai na tambaya ko ana soya abin.