Yadda Ake Zaɓen Jirgin Ruwan da Zai Sa Surukai Su San Sunanka

Kai da ka auri 'yar Friesland ta ƙasar Holland, amma har yau danginta suna kiranka "mijin wance", matso kusa. Matakai bakwai ne kacal. Ka bi su tiryan-tiryan, na ba ka tabbaci kafin rana ta faɗi duk unguwa ta haddace sunanka, har da karnukanta. Jirgi kam na san shi ciki da bai: sati uku cur na yi a wurin hayar jirage kafin ɗan saɓani ya raba ni da mai wurin. Kuma an gwada dabarar nan a kan Floris, mijin yayata Aukje, mutumin Rotterdam, ranar Asabar ta biyu a watan Yuni, da rana ta fito tarwai bayan an kwana shida ana tsuga ruwa. Riƙe maganar ruwan nan, za ta dawo.

Mataki na 1: Yi alkawari tun ba ka da jirgi

Wawa ne ke fara saye kafin ya yi alkawari. Kai fara da bakinka.

Shekara huɗu Floris yana zuwa gidan kakarmu, Beppe Rinske, yana shan miyar wakenta, yana gyara mata talabijin, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Sai dai ka ji, "Aukje, ce wa mutumin naki ya miƙo gishiri." Abin yana ci masa tuwo a ƙwarya.

Wata Lahadi aka tayar da zancen cikar Beppe shekara tamanin. Ta ce ba ta son biki. A da, duk ranar haihuwarta kakanmu yakan kawo jirginsa har bakin matakalar bayan gida, ya ɗauke ta su tafi tafki. Tun da ya rasu aka sayar da jirgin, ba ta sake ganin tafkin ba.

Aukje ta ce, "Sai mu kai ki tashar jirage a mota, Beppe."

"A mota? Ni buhun dankali ce?"

Floris ya ajiye cokali. "Ni zan ɗauke ki, Beppe. Daga bakin matakalarki."

Kawunmu, Omke Wiebe, ya ƙyalƙyale da dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Ka ga aiki! Alkawari kaya ne, shi ya sa ake ɗaukarsa a gaban shaidu, don kada ka sami inda za ka sauke.

Mataki na 2: Raina ƙarami

Mai sayarwa zai nuna maka jirgi biyu. Na farko gajere ne, buɗaɗɗe, kwance a ruwa kamar agwagwa, irin wanda kowa ke da shi a nan. Ɗauke kanka. Na biyu kuwa falo ne guda aka ɗora a kan ruwa: kujerun laushi zagaye, firji, tsanin masu iyo, da rumfar ƙarfe wadda ba a naɗewa, da fitila da tuta a samanta.

Floris ya zauna a bayan sitiyari, ya ji kamar an naɗa shi sarautar ruwa.

Mai sayarwa ya yi gyaran murya. "Wace gada ce a hanyarku?"

Kada ka bari wannan tambaya ta kashe maka jiki. Yi yadda Floris ya yi: ka ce, "Ni injiniya ne," ka sa hannu a takarda.

Mataki na 3: Auna gada sau ɗaya, ranar da ta fi yi maka daɗi

Gidan Beppe yana ƙarshen hanyar ruwan da ke bayan layinsu, kuma ba a isa can sai ta ƙarƙashin tsohuwar gadar bulo. Floris ya je da tef ɗin awo a watan Mayu, an yi sati uku ba a ga ɗigon ruwa ba. Ya auna, ya sake aunawa, ya rubuta a waya. Rumfarsa za ta wuce, har da rarar yatsa biyu.

Omke Wiebe yana tsaye a kan gadar, riƙe da kekensa. "Ɗan birni, gada ka auna ko ruwa?"

"Gada mana, Omke."

"To, sannu da aiki." Ya hau kekensa, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Idan tsoho ya yi maka irin wannan sannu, hassada ce. Ci gaba da harkarka.

Mataki na 4: Idan gada ta tare ka, laifin gada ne

Ranar ta zo. Mun taso daga tasha ƙarfe goma: Floris da sabuwar hular kyaftin, Aukje rungume da wani kek mai ruwan hoda, yanka bakwai, ni kuma a gaba ina ba da shawara. Muna karyo kwana sai ga gada. Ruwan kwana shida ya cika hanyar, ya ɗaga jirgin, gadar kuwa tana nan inda aka bar ta shekara ɗari biyu da suka wuce. Rumfa ta fi bakin gadar tsawo da yatsa uku.

Floris ya kashe inji. Ta ƙarƙashin gadar muna hango Beppe can nesa, zaune a matakalarta, da hular coci da jaka a kan cinya. Tun ƙarfe tara take wurin.

"Wa ya gina gada haka? Wannan ai ba bisa ƙa'ida ba ne!"

Aukje ta ce, "Floris, tana kallonka fa."

Gumi ya keto masa. In ya juya yau, shi da suna sai dai a kan kabarinsa.

Mataki na 5: Nemi masu nauyi

Omke Wiebe, wanda ya zo da kujerar naɗi musamman don kallo, ya ji tausayinsa. Ya sauko bakin ruwa, ya taka jirgin da ƙafa ɗaya, ya kawo ta biyun. Jirgi ya ɗan nutsa.

"Ka gani? Ba jirgin ne ya yi tsawo ba, ku ne ba ku cin abinci. Je ka samo mutum goma sha biyu. Ban da ramammu."

Floris, wanda shekara huɗu bai wuce ɗaga wa maƙwabtan Beppe hannu ba, ya bi layi ƙofa-ƙofa da hularsa a hannu. "Barka da hutawa. Sunana Floris. Don Allah, ke kilo nawa ce?"

Baukje mai gidan burodi ta dube shi sama da ƙasa. "Shekara talatin mijina bai taɓa samun zuciyar yi min tambayar nan ba. Casa'in da biyu. Bari in sa takalmi."

Ta fito da mijin nata. Sietse mahauci ya rufe shago ya taho da rigar aikinsa. Aka samu mawaƙan coci mata biyar da suka taso daga gwaji, da mai raba wasiƙa, da wasu 'yan'uwa biyu masu kamun kifi. Da aka ga saura kaɗan, sai aka ƙara da wani Bajamushe da ya tsaya tambayar hanya.

Mataki na 6: Tura da hannu, kada ka kalli sama

Kowa ya matsu a tsakiya. "Sietse, koma hagu, kana kifar da mu!" "Ni ne ke kifarwa ko Baukje?" "Maimaita, in jefa ka ruwa mu nemi wani!"

Maza suka dafa cikin gadar suna turawa. Ƙiiii! Fitila ta tafi. Ƙarrr! Tuta ta bi ta. Floris ya rufe ido, mawaƙa suka tayar da waƙa don kada a ji kukan fenti. Sai ga haske. Mun wuce! Bajamushe ya rungume mai raba wasiƙa, hular kyaftin ta faɗa ruwa, babu wanda ya waiwaye ta.

Mataki na 7: Tuna cewa ta inda aka shiga ake fita

Floris ya tsayar da jirgi a bakin matakala, ya miƙa wa Beppe hannu, ta shigo ta zauna. Maƙwabta suka fara sauka suna cewa a sha iska lafiya.

Beppe ta buga jakarta a kan kujera. "Ina za ku? Ni kilo arba'in da takwas ce. Ni kaɗai zan nutsar da wannan falon?"

Kowa ya dawo mazauninsa, aka sake turawa, gada ta karɓi ragowar fentin rumfa.

A tafki aka raba kek mai yanka bakwai gida goma sha bakwai. Beppe ta cire takalmi, ta zuba wa ruwa ido ta daɗe, mawaƙa suna rera mata. Da yamma muka sake ratsa gadar muka sauke ta. Ta taka matakala ɗaya, ta juyo.

"Floris."

Aukje ta damƙe hannuna har na yi ƙara.

"Floris, kakan su Aukje buhunan dankali yake lodawa in ruwa ya cika. Naka lodin ya fi hira. Lahadi mai zuwa, ƙarfe goma. Ka zo da mutanenka."

Gargaɗi

Ni dai shawara na bayar, ban riƙe hannun kowa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa yana buga waya gida goma sha biyu kowace Asabar yana tambayar wanda ya rame, kada ya nemi ƙofata. Na ma canja aiki, yanzu kekuna nake gyarawa. Abin da Floris ya rasa kuwa ga shi: fitila ɗaya, tuta ɗaya, hular kyaftin ɗaya, fentin rumfa gaba ɗaya, yankan kek ɗinsa da Sietse ya cinye bisa kuskure, da duk wata Lahadi daga nan har ruwa ya daskare.