Ranar da na kwance wa bishiya zane

Ni mutum ne da ke duba kwaɗon ƙofa sau uku kafin in bar gida. Sau ɗaya na taɓa amincewa da kaina, ranar da maƙwabcina Alhaji Mudi ya ce in raka shi garin Calavi sayen injin yanka itace, don matarsa mai tuyar ƙosai ta gaji da gatari. Na taɓa ganin ana aiki da irinsa a garin Djougou, saboda haka na tafi a matsayin gwani.

"Ba a saye sai an gwada, Alhaji," na ce.

Bayan shagon da muka je akwai wata busasshiyar bishiya da aka ɗaura wa farin ƙyalle, na ce a kanta za mu gwada. Na ɗauka shanyar wani ce. Don kada ya yi datti, na kwance shi, na ninke da kyau, na ajiye.

Nan take layin ya yi tsit. Mata suka daina daka. Wata tsohuwa ta fito ta tsaya, ba ta ko ƙifta ido. Na ja igiyar injin har hannuna ya sage, ko tari bai yi ba.

Mai shagon ya raɗa min, "Bishiyar tsafinsu ce. Mayar da zanen, in kana son komawa gida lafiya."

Na mayar, har da ba bishiyar haƙuri da Faransanci, "pardon".

Haka muka saya. Da muka iso unguwarmu Zongo, ja ɗaya injin ya tashi.

Har yau, in babur ɗin wani ya ƙi tashi a layinmu, sai Alhaji Mudi ya ɗaga murya: "Malam, yau kuma wa ka tuɓe?"