Yadda Za Ka Hana Masu Gyaran Kwata Taɓa Rumfarka

Ka gina rumfar sana'arka a kan kwatar unguwa, ka malala siminti, ka jera benci. Yanzu ga labari ya zo cewa hukumar gari za ta tone lungunku, a faɗaɗa kwatar, a binne sabon bututun ruwan sha, a ja wani na dattin bayan gida. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko ƙusa ba za a zare maka ba. Ba daga littafi na kwaso su ba. A Lungun Kemuning aka gwada su, nan gaɓar teku a arewacin tsibirin Jawa, ina kallo daga barandata. Wanda ya gwada kuwa maƙwabcina ne, Pak Karsiman (Pak a wurinmu kamar a ce malam ne), mai sayar da soto, romon kazar nan da muke zuba wa shinkafa da safe.

1. Ka fi kowa kuka da ambaliya

Ranar taron unguwa ka riga kowa zuwa, ka naɗe wandonka har gwiwa ko da ƙasa a bushe take. Pak Karsiman ya miƙe ya ce, "Har yaushe, 'yan'uwa? Jikokinmu sun iya iyo tun kafin su iya tafiya!" Aka tafa. Kafin shayi ya huce an naɗa shi shugaban kwamitin karɓar aikin, wai shi abin ya fi damu. Na daɗe ina koyar da yara, kuma na lura yaron da ya riga kowa ɗaga hannu ba lallai ya san amsa ba. Sau da yawa fitsari yake ji.

2. Kada ka taɓa cewa a'a

Mu nan ba ma faɗinta, rashin tarbiyya ne. Injiniyar da aka turo, Mbak Wening, wato Malama Wening, yarinya mai natsuwa, ta zo da sandar awonta ta tsaya daidai bakin rumfar.

"Pak, kwatar fa a ƙarƙashin bencin nan take. Sai an ɗaga rumfar."

"To, 'yata, to. Zauna tukuna. Da ƙwai ko babu?"

"Na ci abinci, Pak."

"Da wannan ramar? In mahaifiyarki ta gan ki haka ai sai ta kai ƙarar hukuma."

Ta ci, aka ƙara mata, ta koma ofis tana murna ta ce unguwa ta amince. Ba laifinta ba ne. Wanda ya cika maka kwano yana murmushi, wuya ke nan ka tambaye shi ranar da zai rushe rumfarsa.

3. Ka nemi rana mai kyau

Nan aikin yake, ka buɗe kunne. Da katafila ta iso bakin lungu, sai ka tuna wa jama'a cewa ba a taɓa ƙasa sai an yi walima: a dafa shinkafa da kurkum, a tula ta kamar tsauni, a yi addu'a, a raba wa maƙwabta. Wa zai fito ya ce ba ya son addu'a? Walima kuma ba a yin ta ranar da aka ga dama. Ka nemi tsohon da ya iya lissafin kwanaki, namu Mbah Poniran ne, wato Kaka Poniran, ka riƙa aika masa romo da cinyar kaza.

Watan Suro ake ciki, wato Muharram, ba a fara babban aiki a cikinsa. Suro ya wuce, ranar da aka samo ta faɗa kan ranar rasuwar mahaifin Pak Karsiman. Wadda ta biyo baya ta yi karo da ranar haihuwar direban katafila.

"Mbah," in ji Mbak Wening, "damina fa tana tafe."

"Ita ma damina ranarta take jira, jikata. Kin taɓa ganin ta yi gaggawa?"

Direban katafila ya yi kumatu a rumfar nan.

4. Ka lallashi matarka

Wannan matakin bai taɓa yi wa kowa aiki ba, na sa shi ne don kada a ce na manta. Matar Pak Karsiman, Bu Tumirah, wato Uwargida Tumirah, ita ce ke dafa soton. Ita ce kuma ke sayen ruwa jarka-jarka wurin mai kura, don rijiyarsu ta daɗe da komawa gishiri.

"Bapak," haka take kiran mijin nata, "famfo nake so. Na gaji da wanke kwano da ruwan da ya fi miyata ɗanɗano."

"Rumfar nan mahaifina ya kafa ta, Bu."

"Mahaifinka a kan ƙasa ya kafa ta. Kai ka jawo ta kan kwata don ka ƙara benci."

In ta faɗi haka, ka yi tari, ka ce bari ka duba gawayi.

5. Ka karɓi nasara fuska a murtuke

Hadari ya fara haɗuwa, ɗan kwangila ya gaji da jira, ya ja katafilarsa zuwa Lungun Cempaka da ke damanmu. Mutanen can ba su da tsari, ranar da injin ya iso suka dafa shinkafarsu, suka shafa addu'a, aka hau tono. Aka yi musu kwata mai faɗi, aka ɗaga titinsu. Daga nan aka koma lungun da ke hagunmu aka yi musu haka.

Kada ka yi dariya a fili. Pak Karsiman ya tsaya ƙofar masallaci yana girgiza kai. "Kun gani ko? Kullum mu ake mantawa." Har haƙuri aka ba shi.

Abin da kwamiti bai tattauna ba shi ne, ruwa ba ya zuwa taron unguwa. Gangare kawai ya sani, kuma yanzu mu ne gangaren.

6. Ka tsare abin da ka ceta

Da safe aka saki ruwan farko na damina. Na dama ya gangaro, na hagu ya gangaro, suka haɗu a 'yar kwatarmu, suka tarar da siminti a kanta, suka taso sama. Pak Karsiman ya ɗaure bencinansa da igiya don kada su tafi yawo, ya haye tebur ya tanƙwashe ƙafa. Rumfa lafiya lau, ko girgiza ba ta yi ba.

Sai ga Bu Tumirah ta fito, zani a tattare, ta sa tukunyar soto cikin babban bahon wanki tana tura shi a kan ruwa.

"Ina za ki da tukunyar, Bu?"

"Cempaka. Ƙanwata ta ba ni gefen barandarta. Akwai famfo, Bapak. Murɗawa kawai ake yi."

"Rumfar fa?"

"Ai taka ce, ka sha wahala a kanta. Zauna ka tsare abarka."

Kafin azahar layin masu saye a Cempaka ya kai bakin titi. Ba ta manta da shi ba, mace ce mai kirki. Ta aiko masa da kwano ɗaya ta hannun mai kurar ruwa, irin yadda ake aika wa maigadi.

Gargaɗi

Alkawarina a kan rumfa na yi shi. Ban ce komai ba game da ciniki, ko tukunya, ko mai tukunyar. Duk wanda ya bi matakan nan ya ga abin da bai yi masa daɗi ba, kada ya zo yana buga mini ƙofa. Ko ya buga ma ba zan iya buɗewa ba, ruwa ya danne ta.