Bindiga a Cikin Likkafani

Ko tsufa zai ƙwace mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na sayi bindigar Turkawa ba. A shekarun sittin ne, ina gwauro, ina koyar da nahawu da tarihi a wata 'yar madarasa a unguwar Misfala, cikin Makka. Iƙamata kuwa, wato takardar izinin zamana, siririya ce: in askari, ɗan sandansu, ya kama baƙo da makami a Makka, sai jirgin komawa gida.

Karatun tarihi ne ya hau mini kai, na ƙudura sai na rataye ɗaya daga bindigogin da sojan Turkawa suka bari a bangon ɗakina. Na yi shiri kamar mai zana jarrabawa. A nemi tambarin jinjirin wata, a leƙa bututun a hasken rana, a ƙwanƙwasa katakon ko gara ta ci. Wani Balaraben ƙauye a bayan Kudai ya sayar mini da gajeriya, irin ta mahaya dawaki, tsawonta kamu biyu. Ta ci jarrabawar duka. Abin da babu littafin da ya gaya mini shi ne yadda ake kai ta gida.

Sai na yi dabara (irin ta masu ilimi). Na naɗe ta da bargo don kada siffarta ta fito. A jakata akwai farin yadin likkafani da na wanke da zamzam zan aika wa mahaifina, na lulluɓe ta da shi, na ɗaure sama da tsakiya da ƙasa. Na rungumo ta a hannu biyu, fuska a murtuke saboda tsoro, na nufi gida. Hanyar gidana kuwa ita ce hanyar Harami, inda ake kai gawa a yi mata salla.

Wani mai shayi ya miƙe tsaye ya ce, "Azzamallahu ajrak, ya ustaz." Na ɗauka gaisuwar hanya ce, ban tuna ta'aziyya ce ba. Da na waiwaya, sai ga mutane a bayana suna kalimar shahada. A Makka ba a barin gawa ta wuce ba rakiya, kowa na son ladan, kuma haka ake ɗaukar gawar yaro, a hannu. Na ƙara sauri, suka ƙara. Wani tsoho har da hawaye.

Can sai ga askari. Na ce shi ke nan. Ashe shi ma ladan yake so. Ya karɓe ta daga hannuna a hankali, ya wuce gaba yana salati, ni ina biye kamar raƙumi da akala.

A bakin lungunmu muka yi kiciɓis da Baba Inuwa, maigidan da nake haya a wurinsa. Ya dubi taron, ya dube ni.

"Ustazu, yaushe ka yi aure, har ka haihu, har ka rasa, muna gida ɗaya ba mu ji ba?"

Wani ya fassara wa askarin. Ya tsaya, ya jinjina abin da ke hannunsa, ya kwance ɗaurin sama. Bakin bindiga ya leƙo.

Tsohon nan ya share hawayensa, ya kalle ni kamar na sace masa su.

Askarin ya daɗe yana tunani. Ina jin ya hango kansa ne a markaz, ofishinsu, yana bayanin yadda ya rako bindiga da salati. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya miƙo mini yadin.

"Riƙe wannan," in ji shi. "Shi ne dai halalinka."

Iƙamata ta tsira. Sunana ne bai tsira ba, don har na bar Misfala Baba Inuwa bai daina ce mini "uban mamaci" ba.

Saboda haka mai neman tsohuwar bindiga, ka duba tambari, ka leƙa bututu, duk daidai ne. Amma kafin ka taya, ka san a cikin me za ka naɗe ta, kuma kada ya zama fari.