Rasuwar Filashar Kyamarata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma idona a bushe, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa tsayawa gabana ya gyara hula ko ɗankwali, rasuwar abokiyar aikina, ƙaramar filashar da ke saman kyamarata, mai haska fuska in ana ɗaukar hoto, wadda muke kira 'Yar Walƙiya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da misalin ƙarfe ɗaya na rana, a bakin aiki, bayan doguwar jinya. Shekararta shida a hannuna. Shekarun da ta yi kafin nan ba mu sani ba, domin wanda ya sayar mini ya rantse sabuwa ce, alhali tun a lokacin da tabo a goshinta.

Marigayiya ba ta da girman jiki, akwatin ashana ya fi ta. Tana kwance kamar ba ta nan, sai an taɓa ta ta miƙe da ƙararta, "ƙwas", ta ja numfashi, "wiiii", sannan ta yi abin da ya kawo ta duniya.

Mu bakwai ne masu ɗaukar hoto a rumfar da ke kallon ƙofar makarantar koyon jinya. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce kuma ba ni da babbar fitilar nan da ake ɗora wa kyamara. Ranar da na fara ajiye kujerata, babbanmu, wanda ake kira Mai Lema saboda farar lemar da yake kafa wa fitilarsa, ya leƙa jakata ya ce, "Ƙanwata, ina sauran kayan? Ko wannan idon kifin ne zai ciyar da ke?" A gida kuma gwaggona ta ce shekara huɗu na yi a jami'a don in ƙare da roƙon mutane su yi murmushi. Marigayiya ta ji duk wannan, ba ta taɓa mayar wa kowa magana ba.

Babban halinta na kirki shi ne aiki da tsakar rana. In maza suka ga na kunna ta rana na tsaka, sai su kwashe da dariya, wai ina taya rana aiki. Su tasu fitilar sai cikin ɗaki. Abin da ba su lura da shi ba, ɗalibar jinya fari ne a jikinta tun daga hula har takalmi, fuskarta kuwa irin tamu ce. Kyamara in ta ga wannan farin sai ta tsorata ta runtse ido, hoto ya fito riga tas, fuska kamar an goga mata gawayi, ba a ganin komai sai haƙora. 'Yar Walƙiya ce take kutsawa ƙarƙashin hular nan, ta kori inuwa daga kwarmin ido, ta ajiye ɗan ɗigon haske a ƙwayarsa. Uwa ta karɓi hoto ta gane 'yarta ba sai an nuna mata da yatsa ba. A kan haka shugabar makarantar ta ba ni aikin hoton yaye ɗalibai shekara uku a jere. A kan haka kuma wasu a rumfarmu suka koma amsa gaisuwata da hanci.

Ba zan ɓoye aibinta ba, gaskiya ma haƙƙin mamaci ce. Takan mayar da idon bayin Allah jajir. Ta taɓa fito da wani dattijo mai kamala kamar kyanwar da aka kama a kicin. Ba ta jituwa da masu tabarau, kuma mai maiƙon goshi bai taɓa tsira a hannunta ba, har sai da na yanko farar roba na ɗaura mata a fuska ta rage zafin rai. Taki huɗu ne iyakar ƙarfinta, wanda ya wuce nan ya nemi nasa hasken. Cin batir kuwa, sai dai a yafe mata.

Ciwon ya fara bara. Numfashin da take ja cikin daƙiƙa biyu ya koma goma, ya koma ashirin. Ban bari kowa ya gane ba. Na koyi cike wannan jiran da hidima: a gyara wuyan riga, a ɗan ɗaga haɓa, ya mutanen gida, ya karatu. Har yabona ake yi wai ba ni da gaggawa. Daga baya ta kasa miƙewa da kanta, sai in ɗaga ta da farce in tokare ta da tsinken ashana. Mai gyara ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, ya mayar ya rufe. Ya ce abin da ke tara mata wuta ya kumbura, kuma an daina yin irinsa, a je a yi ta lallaɓawa. Wata bakwai muna lallaɓawa, ba mu fasa fita ko rana ɗaya ba.

Ranar Talata wata ɗaliba ta zo hoton katin shaida. Na ɗaga marigayiya, ta fara "wiiii", ta tsaya a tsakiya. Sai wata 'yar ƙara, "tas", da warin ƙonewa. Ɗalibar ta tambaye ni ko ita ce ta rufe ido.

Ta rasu ta bar kyamara guda, wadda har yanzu tana gani sarai, da batir biyu, ɗaya ba shi da cikakkiyar lafiya, da igiyar rataya, da farar robar fuskarta, da hotuna sama da dubu tara a bangon gidajen mutane. Ta kuma bar ni, da aikin yaye ɗalibai sittin ranar Asabar mai zuwa.

Muna godiya ga waɗanda suka zo ta'aziyya, musamman Mai Lema da ya riga kowa. Ya zauna, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Sannu da rashi, ƙanwata. Aikin Asabar ɗin nan kada ki wahalar da kanki, ki bar mana, ai duk ɗaya ne." Na yaba da saurinsa, domin kafin ya iso wurina ya riga ya biya ofishin shugabar makaranta ya kai mata labarin rasuwar. Ta kira ni, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce aikin bana nawa ne, amma in fuskokin yaranta ba su fito ba, baɗi kada in sa rai. Na ce na ji, na roƙi abu ɗaya kawai, a canja lokaci.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Za a taru ranar Asabar a filin makarantar da ƙarfe bakwai da rabi na safe, lokacin rana tana ƙasa tana kallon mutum a fuska, ba sha biyun rana da aka saba ba. Ɗalibai za su jeru suna fuskantar gabas. Matar yayana da maƙwabciyarmu mai ɗinki za su riƙe babban farin zanen gado daga gefe, ya mayar da haske ƙarƙashin huluna. Kwana biyu muna gwadawa a tsakar gida da fuskar mahaifiyata, ta ce in na sake zaunar da ita a rana sai ta saɓa mini. Ni zan ɗauki hoton da hannuna. Bayan an ɗauka, za a zare wa marigayiya tsinken ashana, a kwantar da ita a inda ta yi rayuwarta, a rufe da baƙin salatif.

Ana roƙon masu halarta su tsaya a bayana, kada inuwar kowa ta faɗa kan ɗalibai. Abokan sana'a su bar kyamarorinsu a gida, wurin makoki ne. Iyalai ba sa karɓar aron fitila. Wanda ya matsu ya taimaka, zanen gadon kusurwa huɗu gare shi, biyu ba su da mai riƙewa tukuna.